Abin da Suke Ɓoye Mini a Ƙairawan

Asabar, 23 ga Satumba

Mun iso Ƙairawan bayan la'asar. Sausan ce ta tuƙo mu tun daga Nafta. Da wannan na fara domin shi ya fi tsaya mini a rai. Ramzi, ɗan nan nawa da tun yana sakandare yake sace mini makullin babur, yau ga shi zaune gefen matarsa ya harɗe hannu kamar fasinja. Na tambaye shi ko an ƙwace masa lasisi ne. Ya yi dariya. "Baba, bar ta ta koya." Ta koya me? Matar da take wuce manyan motoci a hanyar Gafsa ko ƙifta ido ba ta yi.

Tun da suka zauna a Susa Maulidi nawa ya wuce, ba wanda ya taɓa cewa in zo mu je Ƙairawan. Sai bana. Suka dirar mini ba waya ba sanarwa, Sausan ta buɗe kabad ɗina tana zaɓar mini kaya da hannunta. Har da alkyabbata ta ulu. A Satumba! Alhali 'yan kwanaki aka ce za mu yi.

Gidan uwarta muka sauka, Hajiya Munjiya, a cikin ganuwa. An ba ni ɗakin marigayi mijinta. Warin sabon fenti yake yi.

Lahadi, 24 ga Satumba

Ba na son kirki in ya yi yawa. Tun ina koyarwa na sani, ranar da yara suka miƙe gaba ɗaya suka gaishe ni da fara'a, an fasa gilashin taga.

Hajiya Munjiya da kanta ta kawo mini kofi. Ƙatuwar mace ce, muryarta ko ladan sai haka. "Si Lazhar, gida gidanka ne, ka sake." Ta maimaita har na gaji da amsawa. Gidana yana Nafta, ga dabinona a bayansa.

Da rana aka sayo kaftaji wajen mai suya na bakin ƙofar gari. Ba zan yi musu ƙarya ba, sun iya. Kabewa, tattasai, dankali da ƙwai, an daddatse su wuri guda, ga hanta a kai. Sai dai mai ya yi yawa. Da matata Mabruka na da rai, Allah ya ji ƙanta, da ta ce wanka aka yi wa tattasan.

Ina cikin ci na lura Ramzi ba ya cikin kwanonmu. An ajiye masa nasa daban, dafaffen karas da kabewa, fari fat. Da ya juya na ɗanɗana. Ba mai, ba gishiri.

"Wannan fa?"

Sausan ta riga shi buɗe baki. "Tumbi yake ragewa, Baba."

Wane tumbi? Wandonsa da ƙyar yake tsayawa a ƙugu. Ya miƙa hannu zai lakaci harisa, kwaɓaɓɓen yajin nan, ta janye farantin ko kallonsa ba ta yi ba. Ya kuma ƙyale ta. Ɗan Mabruka, wanda yake shan yaji da cokali.

Yarinyar nan ta gama da shi. Tun ranar ɗaurin aure na ce idonta ya cika tsayawa.

Litinin, 25 ga Satumba

Yau sun tura ni kasuwa da Hajiya Munjiya, mu biyu kaɗai. Wai Ramzi kansa na ciwo, wai Sausan za ta zauna da shi. Wai.

Ba masaka tsinke a kasuwa. Kowa da jakarsa, kowa zgugu yake nema, 'ya'yan itacen dutsen nan na kunun Maulidi, kowa yana kukan tsada yana saye. Hajiya ta tsaya gaban wani buhu, ta ɗebi baƙaƙen 'ya'yan ta sansana, ta tauna ɗaya ta tofar.

"Na bara ne."

"Wallahi Hajiya na bana ne, shekaranjiya aka sauko da shi daga dutse."

"Kai aka sauko da kai daga dutse. Buɗe na bayanka."

Ya buɗe. Ita ce da gaskiya. Mace irin wannan ba ta yin abu a banza, shi ya sa ban saki jiki ba.

Ta ja ni layin masu makrud, wai sai na ɗanɗana. An jera shi tuli tuli, zuma na ɗiga, ƙudan zuma na shawagi. Mai shagon ya miƙo mini guda da zafinsa. "Ci ka ji, Alhaji, dabinon cikinsa na Nafta ne." Na gutsira na ce ni daga Nafta nake. Ya kalle ni, ya kalli Hajiya. "To, daga kusa da Nafta." Na ci wani duk da haka. Soyuwar ba laifi.

Muka hau rijiyar Barruta, inda raƙumin nan yake zagaye yana jawo ruwa, an rufe masa ido, an rataya masa gyaluluwa. Na daɗe ina kallonsa. Hajiya ta miƙo mini moɗa, ta ce ai duk wanda ya sha sai ya dawo Ƙairawan. Na ce ba na jin ƙishi.

Ga babbar maganar. A layin masu darduma wata ƙawarta ta tare mu, suka rungumi juna. Matar ta dube ni daga hula har takalmi, ta rage murya, amma kunnena lafiyarsa lau.

"Shi ne?"

"Shi ne."

"Ya sani?"

Hajiya ta girgiza kai.

"Yaushe za a yi?"

"Bayan Maulidi."

"Allah ya sa a yi a sa'a."

Yanzu na gane sabon fenti. Na gane alkyabba. Aure za su ɗaura mini da uwar Sausan! In na tare a nan, gonar dabino ta zama ba mai tsaro, sai a ce Baba ka tsufa, a sayar kawai. Komai ya hau daidai. Ni da na haura saba'in, za a kai ni kamar rago.

Kayan da ta saya ni na ɗauko har gida. Kowa a unguwa ya gan mu.

Talata, 26 ga Satumba

Na buga wa Tijjani maƙwabcina waya. Na ce duk wanda ya gani da igiyar awo kusa da gonata ya sakar masa kare. Ya ce ba shi da kare. Na ce ya aro.

Gidan yau ba wurin zama. An kai zgugu niƙa an dawo da shi, mata sun baje a tsakar gida suna tacewa da ƙyalle, hannuwansu baƙi ƙirin har gwiwar hannu. Hajiya na kan tukunya tana juyawa, tana ba kowa umarni. Ƙamshin kam, ba a magana. Mu a kudu farar asida muka sani, tuwon fulawa da man zaitun da ruwan dabino, ba wannan wahala.

Na tashi zan yi alwala, na bi ta ƙofar ɗakinsu Ramzi. Ba laɓe na yi ba, takalmina ne ya cire.

Ita: "In ba ka faɗa masa ba ni zan faɗa."

Shi: "Ki bar shi ya ci Maulidinsa."

"Ubanka ne, Ramzi. Ba yaro ba ne."

"Na san shi fiye da ke."

Sai na ji kamar kuka. Ita ke kuka? Ban taɓa zaton tana da hawaye ba. Ko dai salo ne.

Na shirya abin da zan ce. Zan gode wa Hajiya, mace ce mai mutunci, amma ni bayan Mabruka na rufe wannan ƙofa. Gona kuwa sai bayan raina. Na maimaita a gaban madubi, ya fito da kyau.

Ramzi bai fito cin abincin yamma ba.

Laraba, 27 ga Satumba, ranar Maulidi

Ban san ta inda zan fara ba.

Da safe aka jera kwanukan zgugu a kan tebur, baƙi a ƙasa, farin kirim a sama, an yi masa ado da garin gyaɗar fistak da ta lauz. Ana ta aika wa maƙwabta, nasu na shigowa, Hajiya na ɗanɗana kowanne tana yanke hukunci. "Wannan ta cika gari." "Wannan ta ƙona." Ni kuma aka ajiye mini farar asida, da rami a tsakiya, man zaitun da ruwan dabino. Irin tamu. Sausan ce ta tashi da asuba ta tuƙa. Na ce a raina, an fara. Na cinye.

Ramzi ya ce sai ya raka ni Masallacin Uƙba. Sausan ta ce a'a, rana ta yi zafi, mutane sun yi yawa. Ya ce, "Yau dai ki bar ni." Karon farko da na ji ya musa mata, har na ji daɗi. Ta ɗauki jakarta ta biyo mu.

Gari ya cika maƙil. Motocin Libiya, motocin Aljeriya, ƙauyawa da tabarminsu. Masu bandiri na tafe suna yabon Annabi, mata na guɗa daga tagogi, ana yayyafa wa mutane ruwan furen lemo. Hayaƙin turare ya haɗu da na masu gasa nama. Ina gaba ina ture mutane da sandata, ina ba Ramzi labarin zuwana na farko garin nan da kakansa. Na yi nisa a labarin kafin na lura ba mai amsa mini.

Na waiwaya. Yana zaune a dandamalin wani shago, ya dafe ƙirji. Fuskarsa ta yi toka toka, leɓɓansa sun canza, gumi na tsiyaya. Sausan na durƙushe gabansa. Ba ta yi ihu ba, ba ta nemi kowa ba. Ta zaro wata 'yar kwalba daga jaka, ta ce, "Ɗaga harshe," ta fesa masa. Ta kwance masa maɓallin wuya, ta riƙe hannunsa tana kallon agogo. Wanda ya yi abu haka, ba yau ya fara ba.

Mai shagon ya kawo kujera da ruwa. Ni ina tsaye da sanda kamar gunki, masu bandiri na wucewa ta bayana.

Da ya dawo hayyacinsa ya ɗago ya yi mini murmushi. "Zafi ne, Baba."

Na ce, "Kai yi mini shiru." Na juya wajenta. "Ke faɗa mini."

Ta faɗa. Jijiyoyin zuciyarsa sun toshe. Tun bazara aka gano, bayan ya faɗi a wurin aiki. Ranar Litinin za a buɗe masa ƙirji a Susa. Likita ya hana shi mai, ya hana shi gishiri, ya hana shi tuƙi mai nisa.

"Tun bazara," na ce. "Kuna bugo mini waya kuna tambayata ya dabino."

Ramzi ya ce, "So na yi a gama tukuna, in zo Nafta da ƙafata in nuna maka ɗinkin."

"In ba a gama lafiya ba fa? Tijjani zai ƙwanƙwasa mini ƙofa?"

Ita ta amsa. "Abin da na ce masa ke nan, Baba. Na ce ba zan sa hannu a takardar asibiti ba sai kana kusa. Da ya ƙi, na ce to mu ɗauko ka da sunan Maulidi, ya faɗa maka da bakinsa. Kullum sai ya ce gobe."

Ba mu kai masallacin ba. Muka dawo a hankali, yana tsakiyarmu. Na riƙe masa hannu ɗaya. Ban tuna rabon da in riƙe hannunsa ba. Duk ƙashi.

Jawabin da na shirya yana nan a kaina, ba inda zan kai shi.

Alhamis, 28 ga Satumba

Ban yi magana da kowa ba. Su ma sun bar ni.

Juma'a, 29 ga Satumba

Na je masallaci ni kaɗai. Rumfunan biki duk an kwashe, masu shara na tattara kofunan roba. Na zauna a inuwar ginshiƙai har aka watse. Abin da na roƙa tsakanina da Allah ne.

Na dawo na tarar da Hajiya Munjiya tana gyaran wake a tsakar gida. Ta tura mini kujera da ƙafa.

"Fushi kake da mu, Si Lazhar."

Na ce duk garin nan ya sani ban da ni. Har matar layin darduma.

"Ɗanta ma'aikacin jinya ne a Susa, shi ya yi mana hanya muka ga likitan da wuri." Sai ta tsaya da gyaran waken ta ƙura mini ido. "Tsaya. Ashe ka ji mu ranar nan. To me ka zata?"

Na ce ba komai.

"Shi ya sa ka daina zama kusa da ni? Shi ya sa in na shigo ka tashi?" Ta ajiye tiren. Dariya ta kama ta har da buga cinya. "Ni? Kai? Si Lazhar, na yi wa ɗaya hidima har na kai shi kabari, ya ishe ni. Ko da gonar zinariya ka zo."

Na ce ba wanda ya yi maganar gona.

"Fentin ma don kai aka yi, ɗakin ya yi shekaru a rufe. Sausan ta ce bayan aikin nan za su dawo nan ya yi jinya, kai kuma ba za ka yarda ka koma kudu ka bar shi ba. Ta ce za ka kai sanyi."

Ta ci gaba da dariya tana share ido, can kuma na ga ba dariya ba ce. Ta ce, "Yarinyar nan rabonta da barcin kirki tun bazara. Tashi take tana sa kunne a ƙirjinsa."

Na ja tiren na taya ta tsince tsakuwa. Waken nasu ma ƙanana ne.

Asabar, 30 ga Satumba

Na ce a nuna mini hoton likitan a waya. Yaro ne. Ko furfura ɗaya babu. Sausan ta ce a ƙasar waje ya ƙaro karatu, kullum aikinsa ke nan. Na ce mahauci ma kullum aikinsa ke nan. Ramzi ya yi dariya har ya yi tari, ta harare ni. Ni ta harara, a gaban uwarta.

Har yanzu ina ganin akwai abin da ba su faɗa mini ba.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Susa. An ba Ramzi gado, an aske masa ƙirji. Rigar asibiti ta yi masa yawa.

Sausan ta fita neman wata takarda, muka rage mu biyu. Ya ce in matso.

"Baba, ka san me nake so?"

Na zaci wasiyya ce.

"Lablabi. Romon waken nan, da tsohon burodi, da ƙwai, da harisa har sai na yi hawaye. Irin na bakin tasha da kake kai ni in na ci jarrabawa."

Na ce ai ba ka cika cin jarrabawar ba.

"Shi ya sa nake marmarinsa."

Can ya ce, yana kallon silin, "In abin bai yi yadda ake so ba, kada ka bar ta ita kaɗai da mutane. Ba ta iya neman taimako ba. Kamar ka take."

Na ce ya daina zancen banza, kuma ba kamar ni take ba.

Na tare likitan a baranda, na tambaye shi gaskiya tsakaninsa da Allah. Ya faɗa mini abin da suka faɗa mini, ba ƙari ba ragi. Ko dai gaskiya ce, ko sun haɗa baki da shi.

Litinin, 2 ga Oktoba

Sun shiga da shi da safe. Ya ɗaga mana yatsa daga kan gadon turawa, ƙofa ta rufe.

Hajiya Munjiya ta zo da kwando, wai a ci. Ba wanda ya taɓa. Ta zauna da carbi, yau muryarta ko fita ba ta yi. Sausan ta ƙi zama. Daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga. Duk wanda ya fito da farar riga sai mu miƙe, ya wuce mu.

Azahar ta yi, ta wuce. Na ce a raina sun san abin da ya faru, suna neman wanda zai faɗa mana ne.

Wajen la'asar yaron likitan ya fito, ya sauke ƙyallen bakinsa. Na kalli idonsa kafin bakinsa. Ya ce an gama, zuciya ta karɓa, sai dai a jira ya farka. Hajiya ta rangaɗa guɗa a cikin asibiti, wata ma'aikaciya ta zo da gudu.

Ni na ce sai na gani.

Talata, 3 ga Oktoba

Na gani. Ta bayan gilashi, da hantsi. Robobi ko'ina, amma ya buɗe ido, ya gane ni, ya motsa leɓe. Ban ji me ya ce ba. Ma'aikaciyar ta ce wai tambaya yake ko matarsa ta ci abinci.

Ba ta ci ba. Na sauka bakin titi na sayo burodi da kifin gwangwani da zaitun, na sa an rage yaji. Na ajiye mata a cinya na ce ci. Ta ce ba ta jin yunwa. Na ce ban tambaye ki ba. Ta ci rabi.

Muna zaune a bencin baranda, ina duba jarida. Ban ankara ba na ji nauyi a kafaɗata. Barci ya kwashe ta, baki buɗe, sauran burodin a hannu. Gyalenta ya zame, na ga furfura a gefen kanta. Yarinyar da ba ta kai arba'in ba.

Hajiya ta zo za ta tashe ta, na yi mata alama da ido ta bari. Wani mai tura keken marasa lafiya ya taho yana surutu, na ɗaga masa sanda, ya yi shiru.

Hannuna ya mutu tun daga kafaɗa har yatsu, har yanzu rubutun nan da ƙyar nake yinsa. An kira azahar ina ji, sai da ta farka na je na yi.

Jaridar ce ban gama ba, shi ya sa ban tashi ba.